Ɗumamar Yanayi: Musabbabinta, Illolinta da Gudunmawar da Kowa Zai Iya Bayarwa

Gabatarwa

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya raba shekararsa gida huɗu, wato bazara da damina da kaka da rani, kuma kowane ɗaya yana da aikinsa da alamominsa. Idan manomi ya ji iska ta juyo daga kudu, ya ga shamuwa ta iso, gawo kuma ya fara kaɗe ganyensa, to ya san lokacin sharar gona da gyaran sungumi ya yi. A kan wannan lissafi aka gina noma da kiwo da fatauci, har ma da bukukuwan aure da akan ɗage sai kaka ta yi. Sai dai a 'yan shekarun nan lissafin ya fara rikicewa. Akan yi shuka a ruwan farko ta ƙone, a sake wata. Ruwan da ya kamata ya sauka cikin wata guda ya zubo a dare ɗaya. Zafin bazara kuma ya kai matsayin da tsofaffi ke cewa ba su san irinsa ba. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da masana kimiyya suke kira ɗumamar yanayi, da yadda take aukuwa, da illolin da ta riga ta haifar, sa'an nan a nuna matakan da mutum ɗaya zai iya ɗauka a gidansa da gonarsa da unguwarsa.

Ma'anar Ɗumamar Yanayi

Kalmar yanayi a Hausa tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda ya kamata a bambanta su. Akwai yanayin yini, wato halin da gari ya wayi da shi, ko hadari ko hazo ko rana. Akwai kuma yanayin ƙasa, wato matsakaicin zafi da ruwan sama da iska na wani yanki idan aka auna su tsawon shekara talatin ko fiye. Ɗumamar yanayi tana nufin ƙaruwar matsakaicin zafin duniya baki ɗaya a irin wannan dogon lokaci. Sauyin yanayi kuwa ya fi faɗi, domin ya haɗa ɗumamar da dukan abubuwan da take jawowa, kamar fari da ambaliya da ɗagowar teku. Saboda haka sanyin hunturu na shekara ɗaya, kome tsananinsa, ba ya ƙaryata batun, kamar yadda amfanin gonar mutum ɗaya ba ya nuna halin da kakar ƙasa take ciki.

Akwai kuma masu haɗa wannan batu da hujewar lulluɓin ozon, alhali matsaloli ne mabambanta. Na ozon ya samo asali ne daga wasu sinadarai da ake sawa a firiji da gwangwanayen feshi, kuma an shawo kansa ta yarjejeniyar birnin Montiriyal ta shekarar 1987.

Yadda Abin Yake Faruwa

Hasken rana yana ratsa iskar da ta kewaye duniya ya sauka a kan ƙasa da teku ya ɗumama su. Ƙasa kuma tana mayar da wannan zafi sama. A cikin iskar akwai wasu nau'o'i da suke tare wani sashe na zafin su hana shi ficewa, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jikin mai barci. Manya daga cikinsu su ne tururin ruwa da kabon-dayoksaid da metan da naitiros-oksaid. Wannan bargo rahama ne, domin ba don shi ba da matsakaicin zafin duniya ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, maimakon kimanin digiri 15 sama da sifiri da ake da shi. Matsalar ta taso ne daga ƙara masa kauri.

Wannan ilimi ya daɗe. A shekarar 1824 wani Bafaranshe, Joseph Fourier, ya nuna cewa iskar duniya tana riƙe zafi. A 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta gwada ta ga kabon-dayoksaid ta fi iskar yau da kullum ɗaukar zafi, kuma a 1859 John Tyndall ya auna wannan hali a birnin Landan. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya yi lissafin yadda zafin duniya zai hau idan yawan wannan iska ya ninka. Daga 1958 Charles Keeling ya fara auna ta a kai a kai a kan dutsen Mauna Lowa da ke tsibirin Hawayi, inda ya sami kimanin kashi 315 cikin miliyan. Kafin juyin masana'antu, wanda ya faro daga Ingila a ƙarni na 18, adadin yana wajen kashi 280 ne. A shekarar 2024 ya haura 420, wato ƙarin rabin abin da yake a da.

Wannan ƙari ya fito ne galibi daga ƙona kwal da man fetur da gas a tashoshin lantarki da masana'antu da motoci da jiragen sama. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na kabon-dayoksaid. Sarrafa siminti yana da nasa kaso, haka ma sare dazuzzuka, domin itace yana zuƙe wannan iska yana adana ta a jikinsa, idan aka sare shi aka ƙona sai ta koma sama. Metan tana fitowa daga tumbin shanu da fadamun shinkafa da juji da rijiyoyin mai, naitiros-oksaid kuwa daga takin zamani idan an zuba shi fiye da kima. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, wani sashe na kabon-dayoksaid yana zama a sama ɗaruruwan shekaru, ta yadda hayaƙin yau bashi ne a kan jikoki.

Alamomi a Faɗin Duniya

A shekarar 1988 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin masana da ake kira IPCC domin tattara binciken da ake yi a kan wannan batu. A rahotonsa na 2021 kwamitin ya tabbatar, ba tare da wani kokwanto ba, cewa ayyukan ɗan'adam ne suka ɗumama duniya, kuma zafin shekarun 2011 zuwa 2020 ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri 1.1. Hukumar Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa zafin 2024 ya zarce na duk shekarun da suka gabace ta tun da aka fara aune-aune, da ƙarin kimanin digiri 1.55. Mai karatu zai iya ganin digiri ɗaya ko ɗaya da rabi abu ne kaɗan, amma sai a tuna cewa matsakaici ne na duniya duka, dare da rana, rani da damina. Ko jikin mutum idan ya ƙaru da digiri ɗaya da rabi, ya zama mai zazzaɓi.

Tsakanin 1901 da 2018 teku ya ɗago da kimanin santimita 20, saboda ruwa yana kumbura idan ya yi ɗumi, kuma ƙanƙarar tsaunuka da ta ƙuryoyin duniya tana narkewa. Wannan barazana ce ga birane irin su Legas da Iskandariya, da ƙasashe irin su Bangaladash. Har ila yau, duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta riƙe ƙarin kimanin kashi 7 cikin ɗari na tururin ruwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗumamar take haifar da abubuwa biyu masu kama da kishiyoyi: tana busar da ƙasa da sauri a lokacin fari, sa'an nan idan hadari ya haɗu ruwan ya zubo kamar da bakin ƙwarya.

Yankin Sahel da Ƙasar Hausa

Fari ba baƙo ba ne a wannan yanki. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta auku tun ɗumamar ba ta yi nisa ba, kuma masana sun danganta farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 da sauye-sauyen zafin teku, tare da ƙurar hayaƙin masana'antun Turai da Amurka. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance da kimanin kashi 90 cikin ɗari a shekarun 1980, ko da yake wani sashe nasa ya farfaɗo daga baya. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, rayuwar yankin ta rataya ne a kan damina ɗaya ta wata uku ko huɗu, don haka duk abin da ya taɓa ta ya taɓa rumbu.

Abin da ɗumamar ta ƙaro a fili yake. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa yawan manyan hadura masu ɓarna a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. A 2022 ambaliya ta hallaka mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma jihar Jigawa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye sashe mai yawa na Maiduguri, kuma a wannan watan ne tsohon masallacin ƙasa na Zinder, wanda aka gina a ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. A watan Afrilu na shekarar, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Lalle ne a faɗi cewa rashin gyaran madatsu da toshewar magudanai da gini a kan hanyar ruwa suna da nasu laifin a cikin waɗannan asarori. Ɗumamar tana ƙara yawan ruwan, sakacin mutane kuma yana buɗe masa ƙofa.

Illar ba ta tsaya ga ambaliya ba. Zafi mai tsanani yana rage yabanyar masara da dawa, musamman idan ya zo lokacin fitar da kai. Yana jigata tsofaffi da jarirai da masu aikin ƙarfi a rana. Idan makiyaya da mashaya suka ƙaranta, makiyayi yakan matsa zuwa inda manomi yake, kuma ko da yake rikicinsu yana da dalilai da dama, ƙarancin ƙasa da ruwa yana rura wutarsa.

Alhaki a Wuyan Wa?

Adalci ya wajabta a bayyana cewa nahiyar Afirka, wadda take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya, ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na kabon-dayoksaid ɗin da ake samu daga ƙona makamashi. Ƙasar Sin kaɗai tana fitar da kimanin kashi 30, Amurka kuma ita ce ta fi kowa tara wannan hayaƙi a tarihi. Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14 a shekara, na ɗan Nijeriya kuwa bai kai tan ɗaya ba. An yi taruka an ƙulla yarjejeniyoyi, a Riyo a 1992, a Kiyoto a 1997, da Faris a 2015, inda ƙasashe suka amince su tsayar da ƙarin zafin ƙasa da digiri 2, su kuma yi ƙoƙarin kada ya wuce 1.5. A taron Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar a 2022 aka amince da kafa asusun tallafa wa ƙasashen da suka yi asara. Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma yi alkawarin daidaita abin da take fitarwa da abin da take zuƙewa nan da 2060. Cika waɗannan alkawura yana tafiyar hawainiya, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta ba da sanarwar ficewa daga yarjejeniyar Faris a karo na biyu.

A nan mai karatu zai iya tambaya, tunda manya ne suka yi ɓarnar, mene ne amfanin ƙoƙarin talaka? Amsar tana da fuska biyu. Ta farko, gaskiya ne cewa kashe ƙwan lantarki a Kano ba zai tsayar da narkewar ƙanƙara ba, kuma babban nauyin yana kan gwamnatoci da kamfanoni. Ta biyu, yawancin matakan da za a ambata a ƙasa suna da amfani nan take ga wanda ya ɗauke su, domin suna sanyaya gida, su kare gona, su rage kashe kuɗi. Wanda ruwa ya ci gidansa ba zai tsaya jiran hukuncin wanda ya jawo hadarin ba.

Matakan da Mutum Zai Iya Ɗauka

Mataki na farko shi ne itace, kuma kyakkyawan misalinsa yana jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar. Daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututtukan da ke gonaki suna da rai, kuma idan manomi ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi ya sassabe sauran, itace zai tashi da sauri fiye da dashe. Manoma suka karɓi dabarar suka yaɗa ta a tsakaninsu, har aka ƙiyasta cewa an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Gawo ya fi shahara a cikinsu, saboda yana kaɗe ganye da damina ya zama taki, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Wannan aiki na manoma ya riga shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. A cikin gari ma dalbejiya ɗaya a ƙofar gida tana rage zafin ɗaki, amma sharaɗin shi ne a rene ta, domin dashen da aka bari ba shinge ba ban ruwa abincin awaki ne.

Na biyu shi ne murhu. Murhun duwatsu uku yana zubar da yawancin zafin itace a banza. Murhun laka ko na ƙarfe mai tattara wuta yana rage itacen da ake ƙonawa, rufe tukunya da jiƙa wake kafin dafuwa suna ƙara ragewa, mai hali kuma ya koma gas. Ribar ta haɗa da lafiya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana hallaka mutane kimanin miliyan 3 a kowace shekara, kuma mata da yara ne suka fi shaƙarsa.

Na uku shi ne lantarki da sufuri. Ƙwan LED yana cin ƙasa da rubu'in wutar da tsohon ƙwai mai zare yake ci. Faifan hasken rana yana ɗauke wa mai shago ko mai noman rani kuɗin man janareta da hayaƙinsa. Tafiyar da ba ta da nisa a yi ta da ƙafa ko keke, ma'aikatan da hanyarsu ɗaya su haɗu a mota ɗaya, mai abin hawa kuma ya kula da gyaran inji da iskar taya.

Na huɗu shi ne abinci da shara. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kimanin sulusin abincin da ake nomawa yana salwanta. Wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda take adana tumatir da ganye kwanaki ba tare da lantarki ba. Ragowar abinci da ɓawo a tara su su zama taki, karan gona a bar shi ya rufe ƙasa maimakon a cinna masa wuta, leda kuma a daina jefa ta a kwata, domin ita ce take toshe hanyar ruwa ranar da aka yi mamako.

Na biyar shi ne tattalin ruwa da tsarin gini. Manoman Tawa sun farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da ake kira tassa, ana zuba musu taki su riƙe ruwan sama, irin dabarar da Yacouba Sawadogo ya shahara da ita a Burkina Faso. Irin shuka mai saurin nuna da sauraren hasashen hukumar yanayi kafin shuka suna rage asarar iri. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro ya fi na bulo da kwano sanyi, kuma mai gini da siminti ma zai iya aron hikimar ta hanyar sa silin da tagogi masu fuskantar juna da rumfa a gefen yamma.

Wayar da Kan Jama'a

Duk waɗannan matakai ba za su yi tasiri ba sai sun yaɗu, kuma ba za su yaɗu ba sai an bayyana su da harshen da mutane suke ji. Yawancin rubuce-rubucen wannan fanni da Ingilishi da Faransanci suke, alhali waɗanda abin ya fi shafa manoma ne da makiyaya da matan gida. A nan ne aikin ɗalibai da malaman Hausa ya shigo: su daidaita kalmomin fannin, su fassara hasashen damina cikin sauƙi, su tattara sanin tsofaffi game da itatuwa da alamomin hadari kafin ya ɓace. Rediyo da wasan kwaikwayo da finafinai da waƙa da saƙon wayar hannu duk hanyoyi ne da aka gwada a yaƙi da jahilci da rigakafin cututtuka aka ga amfaninsu. Limamai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin mata suna da murya da ake saurare. Ya kamata mai wayar da kai ya tsaya kan gaskiya, kada ya ɗora wa ɗumamar yanayi kowane irin bala'i, kada kuma ya tsorata jama'a har su yanke ƙauna. Daɗin daɗawa, jama'ar da ta fahimci lamarin ita ce za ta iya tambayar wakilanta inda aka kwana game da gyaran madatsu da yashe magudanai da hana ƙona gas a yankin Neja-Dalta.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ɗumamar yanayi abu ne da aka auna aka tabbatar, cewa tushenta hayaƙin da ɗan'adam yake fitarwa ne, kuma yankin Sahel yana cikin masu ɗanɗana kuɗarta duk da ƙarancin laifinsa. Ta kuma nuna cewa neman haƙƙi daga manyan ƙasashe ba ya ɗauke wa kowa nauyin gyaran ƙofar gidansa. Manoman Maraɗi ba su jira wani taro ba kafin su raya itatuwa miliyoyi, kowa a gonarsa, da wuƙa da gatari. Idan kowane ɗalibi ya rena itace ɗaya a tsawon karatunsa, ya kuma fahimtar da mutanen garinsu abin da ya fahimta, to an ɗauko hanya, domin da yayyafi kogi kan cika.